Maiƙon Abinci Da Maiƙon Jini

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai

 

Mai girma shugaban taro, shugaban wannan ƙungiya tamu mai albarka da 'yan majalisarsa, shugaban makaranta, iyayenmu malamai da suka sha wahalar koyar da mu, yayyenmu da suka riga mu fita, ƙannenmu da suka biyo baya, da sauran manyan baƙi, ina yi muku barka da zuwa. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan wuri cikin rai da lafiya.

Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in ce wani abu game da maiƙon da muke ci a abinci da yadda yake shafar maiƙon da ke cikin jininmu. Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Kowace shekara idan sakatare ya tashi karanta sunayen 'yan uwan da suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda ke kwance, sau da yawa bayanin da mukan ji shi ne wane faɗuwa ya yi a ofis, wane kuma ɓarin jikinsa ne ya shanye. Ajali dai na Allah ne, babu mai ja da wannan, amma an hore mu da neman sani da kuma kiyaye amanar jikin da aka ba mu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, watau kusan ɗaya cikin kowane mutum uku da suka rasu a wannan shekara, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. A nan gida, likitocin Nijeriya da Gana sun gudanar da wani bincike mai suna SIREN a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna cikinsa, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Sun kwatanta mutum fiye da 2,000 da suka sami shanyewar ɓarin jiki da wasu lafiyayyu masu adadi ɗaya da su. Hawan jini ne ya zo kan gaba nesa ba kusa ba, mai bi masa kuwa shi ne rikicewar maiƙon jini. Ashe ke nan maganar tamu ce, ba ta Turawa kaɗai ba.

Mene Ne Kolestarol?

Kolestarol wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina fatar kowace ƙwayar halitta ta jikinmu, da shi jiki yake haɗa sinadaran da ke bambanta namiji da mace, da bitamin D, da kuma ruwan matsarmama wanda ke narkar da mai a hanji. Saboda muhimmancinsa, jiki bai dogara ga abinci wajen samunsa ba. Shi da kansa yake ƙera abin da ya kai kusan gram 1 a kowace rana, hanta kuma tana da babban kaso a wannan aiki. Wanda ke shigowa daga abinci bai cika wuce miligram 200 zuwa 400 a rana ba, kuma kamar rabinsa ne kawai hanji ke tsotsewa. Ina roƙon a riƙe wannan bayani, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya: mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikinmu ƙirar cikin gida ne.

Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Don haka jiki yakan naɗe maiƙo cikin wasu 'yan ƙunsuna kafin ya saka shi a jini. Mu ɗauki hanta a matsayin babban sito, hanyoyin jini kuma su ne tituna. Ƙunshin da likitoci ke kira LDL shi ne motar da ke ɗauke da kaya tana yawo a gari, wanda suke kira HDL kuma shi ne motar da ke bi tana kwashe ragowa tana mayarwa sito. Akwai kuma maiƙo na uku da ake aunawa, watau tirigilisarid, wanda shi ne ainihin kitsen da jiki ke ajiyewa don ya ƙona idan yana bukatar ƙarfi.

Matsala tana farawa ne idan motocin LDL suka yi yawa a kan titi. Sai su riƙa kutsawa cikin bangon hanyar jini suna maƙalewa, wurin ya kumbura, ya yi tauri, hanyar ta riƙa tsukewa a hankali cikin shekaru 20 ko 30 ba tare da mutum ya ji ko ciwon kai ba. Hawan jini da shan taba da ciwon sukari su ne ke raunana bangon tun farko, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da wannan kumburi ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya, idan a zuciya ne sai a ce bugun zuciya, idan a ƙwaƙwalwa ne sai ɓarin jiki ya shanye.

Yadda Aka Gano Gaskiyar Al'amari

A shekarar 1913 wani likita ɗan ƙasar Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol, sai ya tarar hanyoyin jininsu sun cushe kamar na tsofaffin mutane. To amma zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai saba da abincin da ya fito daga dabba ba, saboda haka sai da aka koma kan ɗan Adam. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a wani gari mai suna Framingham a Amurka, aka ga cewa masu yawan kolestarol a jini sun fi saurin kamuwa da ciwon zuciya. Daga 1958 kuma wani masani mai suna Ancel Keys ya kwatanta mazajen ƙasashe bakwai. Mutanen gabashin Finland masu yawan cin man shanu da madara mai maiƙo su ne suka fi kowa kolestarol da ciwon zuciya. Mutanen tsibirin Kirit na ƙasar Girka kuwa, duk da cewa su ma suna cin mai da yawa, sun kasance cikin mafiya lafiyar zuciya, domin nasu man zaitun ne. Wannan ya nuna cewa irin man da aka ci ya fi yawansa tasiri a kan kolestarol.

Dalilin haka ya fito fili ta hanyar aikin wasu likitoci biyu a birnin Dalas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 1985. Sun gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da wasu 'yan ƙofofi da ke kama LDL su janye shi daga jini. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan mutum ya yawaita cin mai mai daskarewa, hanta takan rage waɗannan ƙofofi. Ƙofar sito ta ragu, motoci kuwa sai su yi cunkoso a titi.

Mutanen Finland ba su tsaya a kan jin labari ba. A 1972 suka ƙaddamar da wani shiri a lardin Karelia ta Arewa, inda aka jawo hankalin jama'a su rage man shanu su koma man tsirrai, su rage gishiri da taba, su ƙara kayan lambu. Cikin shekaru kamar 40, mutuwar magidanta masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Ire-iren Man Da Ke Tukwanenmu

Jama'a, hanya mafi sauƙi ta rarrabe mai ita ce a dube shi da sanyin safiyar hunturu. Wanda ya daskare ko ya yi barci a kwalba, yawanci shi ne mai ɗaga LDL. A wannan rukuni akwai man shanu, wanda kusan kashi biyu cikin uku na maiƙonsa mai daskarewa ne. Akwai kitsen sa da na rago, da tozo da kakide, waɗanda nasu ya kai kusan rabi. Manja ma kusan rabi ne. Man alayyadi da man kwakwa sun haura kashi 80 cikin 100. Man kaɗe ya ɗan fita daban, domin irin maiƙon da ke sa shi tauri bai cika ɗaga LDL kamar na sauran ba.

Rukuni na biyu shi ne man da ke zama ruwa ko da sanyi. Man gyaɗa na ainihi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mai daskarewa ba. Man riɗi da man waken suya da man zaitun suna wajen kashi 15 cikin 100. Idan aka sa irin waɗannan a madadin na rukunin farko, LDL yakan sauka. Sai dai a lura, a kasuwanninmu kusan duk wani farin mai sunansa man gyaɗa, alhali da yawa daga cikin na jarka da na leda manja ne da aka tace aka cire masa launi. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, ko kuwa a nemi man ƙuli wajen wadda aka amince da tsabtarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mai mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa. Ga mai cin matsakaicin abinci, wannan ya kama kamar gram 22 a rana. Babban cokali ɗaya na manja yana da kusan gram 7, na man shanu kuwa ya ɗara haka. Watau cokali uku sun cinye kason yini guda, tun ba a zo kan tsire da balangun dare ba. Wannan ba ya nufin a kori manja daga gida, domin jan manja yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda yara ke bukata ƙwarai. Abin da ake so shi ne a auna shi da cokali, a daina tuttula shi har ya yi iyo a kan miya.

Akwai rukuni na uku da ya fi duka illa, wanda ake kira man tirans. Masana'antu ne ke samar da mafi yawansa idan suka daskarar da man tsirrai don ya daɗe bai lalace ba, kuma an daɗe ana amfani da shi wajen yin bota ta gwangwani da biskit da kek da sauran kayan gashi. A 1990 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Mensink da Katan, suka nuna cewa yana ɗaga LDL kuma yana sauke HDL a lokaci guda. Ƙasar Denmak ce ta fara taƙaita shi da doka a 2003, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abinci. A Nijeriya, dokar NAFDAC ta 2022 a kan mai da abinci mai maiƙo ta hana shi wuce gram 2 cikin gram 100 na mai. Haka nan man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, ya lalace, bai kamata a ci gaba da amfani da shi ba.

Maganar Ƙwai Da Kayan Ciki

To, ina matsayin kolestarol ɗin da ke cikin abinci shi kansa? Da farko, a abin da ya fito daga dabba kaɗai ake samunsa. Babu man tsiron da ke da wani kolestarol na a zo a gani, saboda haka rubutun da mukan gani a jikin kwalba cewa wannan mai ba shi da kolestarol gaskiya ne, amma bai gaya mana komai ba. Man alayyadi ma ba shi da shi, kuma yana sa hanta ta bar LDL ya taru.

Ƙwai babba guda ɗaya yana da kolestarol kamar miligram 186, dukansa a gwaiduwa. Hanta da ƙoda suna da yawa, ƙwaƙwalwa kuwa ta fi su duka, domin gram 100 nata ya haura miligram 2,000. Duk da haka, ga yawancin mutane idan suka ci kolestarol da yawa jiki yakan rage wanda yake ƙerawa, sai hauhawar da ake gani a jini ta zama kaɗan. Wannan ne ya sa a 2015 hukumomin Amurka suka janye iyakar miligram 300 a rana da suka daɗe suna ba da shawara a kai, ko da yake sun ci gaba da cewa a ci kaɗan. Mutane sun bambanta, akwai waɗanda jininsu ke saurin amsawa. Lafiyayyen mutum zai iya cin ƙwai ɗaya a rana ba da fargaba ba. Mai ciwon sukari da wanda LDL ɗinsa ya riga ya hau, su rage, su bi shawarar likitansu. Sau da yawa laifin ba na ƙwan mai shayi ba ne, na man da aka soya shi ne da botar da aka shafa wa burodi.

Sukari Ma Yana Da Hannu

Wani zai ce shi ke nan, na bar mai na koma farar shinkafa da burodi da lemon kwalba. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hanta tana mayar da rarar sukari da garin da aka tace ta zama kitse, tirigilisarid ya hau, HDL ya sauka. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana iya ɗaukar sukari har gram 50, watau ƙwayar sukari wajen 12. Giya da ƙiba da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba su ma suna ɗaga tirigilisarid. Abin da bincike ya nuna yana rage ciwon zuciya shi ne maye gurbin mai mai daskarewa da man tsirrai mai ruwa, da gyaɗa, da kifi, da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Wake da kuɓewa suna da wani amfani na musamman: suna riƙe ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, dole hanta ta jawo kolestarol daga jini don ta ƙera wani.

Kakanninmu Fa?

Na san akwai mai tambaya a zuci cewa kakanninmu sun sha man shanu da kindirmo har suka tsufa, me ya same su? Tambaya ce mai ma'ana. Wani bincike da aka wallafa a 2001 a kan Fulani makiyaya na yankin Jos ya tarar cewa abincinsu cike yake da maiƙon nono, amma maiƙon jininsu yana daidai. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne cewa mutanen ba su da ƙiba, abincin da suke ci gaba ɗaya ba shi da yawa, kuma kullum suna kan tafiya. Mu duba kanmu, musamman mu ma'aikatan ofis. Daga gida sai mota ko babur, daga nan sai kujera har la'asar, da rana shinkafa da soyayyen nama, da dare tsire da lemo, ranar Asabar biki, bayan babbar Salla kuma soyayyen naman layya na makonni. Mun riƙe man shanun makiyayi, mun ajiye sandarsa da tafiyarsa.

Muhimmancin Gwaji

Yawan kolestarol ba shi da wata alama, kuma ramar jiki ba hujja ba ce. Kimanin mutum 1 cikin 250 zuwa 300 ana haifarsa ne da ƙarancin ƙofofin nan na hanta, ya gada daga uwa ko uba, kuma irin wannan zai iya samun bugun zuciya tun yana ɗan shekara 40 ko ƙasa da haka, kome kyan abincinsa. Duk wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya, ya gaggauta yin gwaji, ya kuma sa 'yan uwansa su yi.

Ga alƙaluman da za a duba a takardar gwaji, bisa awon miligram cikin desilita. Jimillar kolestarol ana so ta kasance ƙasa da 200. LDL ƙasa da 100 shi ne mafi kyau, 160 ya yi yawa, 190 kuwa ya kai a nemi magani ba da jinkiri ba. HDL kada ya gaza 40 ga namiji, 50 ga mace. Tirigilisarid ƙasa da 150. Idan asibitin da awon milimol yake aiki, 200 daidai yake da 5.2, LDL na 100 shi ne 2.6, tirigilisarid na 150 kuma 1.7. Kada wanda HDL ɗinsa ya yi sama ya saki jiki alhali LDL ya hau, domin an gwada magungunan da ke ɗaga HDL ba su rage bugun zuciya ba. Lafiyayyen baligi ya yi gwaji duk bayan shekara 4 zuwa 6, mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa ya fi haka yawaitawa.

Gyaran abinci yakan sauke LDL da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ga mutane da yawa, kuma akan ga canji cikin 'yan makonni. Idan bai wadatar ba, akwai magungunan da ake kira sitatin, waɗanda wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano na farkonsu a shekarun 1970. Suna rage ƙirar kolestarol a hanta, ita kuma sai ta ƙara buɗe ƙofofinta. Manyan gwaje-gwaje sun nuna cewa duk saukar LDL da milimol 1 tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda likita ya ɗora a kan wannan magani, kada ya ajiye shi don wani ya ba shi jiƙo ko garin da aka ce yana narkar da kitse.

Kammalawa

'Yan uwa, a taƙaice shawarwarina su ne: a mayar da man ƙuli ko na waken suya ko na riɗi ya zama man girki na yau da kullum, manja da man shanu a auna su da cokali. A yanke kitse daga nama kafin a dafa, idan an je wajen mai tsire a ce ya ba da tsoka. A ci kifi kamar sau biyu a mako, a riƙa saka wake da ganye a abinci. A rage lemon kwalba da sukarin shayi. A yi tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako. Mai shan taba ya daure ya bari. Wannan aiki na mai cefane ne da mai girki baki ɗaya, saboda haka kowa ya kai saƙon gida, domin ɗanɗanon da muka saba wa yaranmu yau shi za su girma da shi.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabanninmu abu biyu. Na farko, a taro mai zuwa a nemi 'yan uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji su shirya mana awon hawan jini da sukari da maiƙon jini a nan harabar makaranta, ƙungiya ta ɗauki nauyin iyayenmu malamai da suka yi ritaya. Na biyu, kwamitin abinci ya dubi abin da ake zuba mana a faranti ranar taro, a fara gyara daga nan. Rigakafi ya fi magani.

 Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ɗaukaka wannan makaranta tamu, Ya kuma maida kowa gidansa lafiya.